Mai Rubuta Sunan Kowa, Nasa Babu

Duk ginin da gwamnati ta buɗe a ƙasar nan, asibiti ne ko ajujuwa biyu na firamare ko rijiyar burtsatse, akwai wani allo na marmara ko na tagulla da ake kafawa a bango, a lulluɓe shi da ƙyalle sai babban baƙo ya zo ya yaye. A jikin allon za ka ga sunan gwamna da duk lambobin girman da ya tara, da na kwamishina, da ranar buɗewa, wani sa'in har da na ɗan kwangila. Suna ɗaya ne ba ya taɓa samun gurbi, na mutumin da ya duƙa ya ƙwaƙule harufan ɗaya bayan ɗaya. Haka abin yake a kofin gasar ƙwallo, da allon karramawar da ake miƙa wa wanda ya yi ritaya, da zoben azurfa, da kuben takobin hawan salla, da hatimin ofis. Ana yawan tambaya ko zane a kan ƙarfe da katako da dutse sana'a ce da saurayi zai riƙa ya ci abinci da ita har tsufa, amsar da aka saba bayarwa kuma ita ce inji ya riga ya kashe ta. Ni a ganina an kama wanda ba shi ya yi satar ba. Abin da ya hana wannan aiki zama sana'a mai tsani a wurinmu, wadda mutum zai fara daga ƙasa yana hawa, shi ne mai yin ta ba shi da suna a kan abin da ya yi, wanda ba shi da suna kuwa wani ne ke yanka masa farashi.

Rashin sunan ya faro tun daga sana'ar kanta. Bahaushe ya raɗa wa maƙeri da masassaƙi da baduku da marini da gyartai sunayensu, amma mai zane a kan abu mai tauri a warwatse yake cikin sana'o'in wasu. Wani yana cikin maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, waɗanda aka bambanta da maƙeran baƙi masu fartanya da gatari. Wani yana cikin masu zanen ƙwarya, da wuƙa ko da ƙarfen da aka gasa a wuta. Wani yana kan benci kusa da kotu ko gidan waya yana yanka hatimi da reza a jikin roba. Ɗan autansu shi ne mai shago da kwamfuta da injin leza. Abin da ya haɗa su, aikinsu ba ya gogewa. Almajiri in ya yi kuskure a allo ya wanke, tela ya warware ɗinki, magini ya sauke layin bulo ya sake jerawa. Wanda kurfinsa ya zame a kan azurfa kuwa sai dai ya narkar ya faro daga farko. Mai hatimi ma da tasa ƙarin wahalar, domin a juye yake rubutu, yana hangen a ransa yadda zai fito a takarda. Hannu irin wannan ba ya nuna a wata shida, shi ya sa tambayar wa zai biya shi take da nauyi.

Masu ɗora wa inji laifi suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. A Ingila, jaridu masu hotuna irin su Illustrated London News, wadda ta fara fita a 1842, sun dogara ne ga rundunar masu sassaƙa hoto a kan guntayen katako mai tauri. Duk hoton da mai karatu ya gani, hannun wani ne ya ƙwaƙule shi layi-layi. Da aka ƙware a dabarar mayar da hoton kyamara ɗige-ɗige a kan farantin bugawa, a shekarun 1880 zuwa 1890, nan da nan rundunar ta watse. Mu ma mun ga irinta a ɗakin amarya. Ƙoren da ake jerawa, masu zanen da ake taƙama da shi tun daga ƙasar Hausa har Adamawa da kwarin Gongola, langa da samira suka kore su, su ma roba da kuloli suka zo suka yi musu yadda suka yi wa ƙwarya. Wani lokaci ma alƙalamin majalisa ne ke yin ɓarnar: dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta mayar da mallakar hatimin kamfani ganin dama, alhali a da dole ne. Sakin layi guda ya zabge wa masu hatimi wani kaso na cinikin da suka saba. Sannan ga leza, mai rubuta suna hamsin a kan biro hamsin kafin mai hannu ya gama wasa kayan aikinsa.

To amma a leƙa shagon mai lezar a ga ko shi ya gaji arzikin da aka ce an ƙwace wa mai hannu. Galibin injinan daga Sin suke zuwa, da dala ake sayensu, da dala ake sayen bututun haske da madubai in sun mutu. Dalar da ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Man janareta ya yi tashin gwauron zabo tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi, wutar layin Band A kuma ta tashi daga kimanin naira 68 zuwa 225 kowane yunit a Afrilun 2024. A Nijar ma, da Nijeriya ta katse wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, duk mai aiki da inji a Yamai ya ji a jikinsa. Wannan ɓangaren abin da ke fita ke nan. A ɓangaren abin da ke shigowa, inji iri ɗaya ne a shago biyar a layi guda, manhajar CorelDraw ɗaya, salon harufa ɗaya, furannin gefe ɗaya da kowa ya sauko da su daga intanet. Mai saye ya shiga shago na farko ya ji kuɗi, ya wuce na biyu, ba shi da dalilin komawa wurin wani takamaimai tunda aikin bai nuna hannun kowa ba. Abin da ya rage a yi gasa a kai shi ne ragi, ragin kuma daga riba yake fita. Mai lezar da ba shi da zanen kansa, in aka bi lissafinsa da kyau, wutar lantarki yake saya da tsada ya sayar da araha. Ciwon da ke cin tsohon maƙerin kasuwar Kurmi ta Kano shi ke cinsa: kowannensu ana iya musanya shi da maƙwabcinsa mai saye bai lura ba.

Duk inda wannan aiki ya zama abin da mutum ke gina gida da iyali a kai, in ka bi tarihinsa za ka tarar an fara ne da rigima a kan suna. Albrecht Dürer, ɗan maƙerin zinariya a Nurembag ta Jamus, ya riƙa sa tambarinsa na harufa biyu, babbar A da ƙaramar D a cikinta, a kan abin da ya zana, kuma da ya fitar da wasu hotunansa a littafi a 1511 sai da ya haɗa da gargaɗi ga masu kwaikwayo, yana tinƙaho da kariyar da sarki Maximilian ya ba shi. Bayan shekara ɗari biyu da ɗoriya, William Hogarth ya ga yadda 'yan kasuwar Landan suka kwafe jerin hotunansa na 1732 suna sayarwa a wulaƙance, sai ya tara abokan sana'arsa suka kai kuka majalisa. Dokar da ta fara aiki a 1735, wadda har yau ake kira da sunansa, ta ba mai zane mallakar zanensa na shekara 14, bisa wani sharaɗi da ya fi komai ɗaukar hankalina: sai an zana sunan mai shi da ranar fitarwa a jikin farantin. Wato hukuma ba ta shiga faɗan wanda ya ɓoye kansa. Maƙeran azurfar Ingila ma sun riga su a wannan hanya. Tun 1300 aka wajabta a gwada azurfa a buga mata tambarin kan damisa, a 1363 kuma aka ce kowane maƙeri sai ya ƙara nasa tambarin, don in an sami algus a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Shi ya sa yau ake ɗaga cokalin da ya shekara ɗari uku a faɗi wanda ya ƙera shi da garin da shekarar, a yi masa kuɗi daidai da haka. Czesław Słania, mutumin Folan da ya yi aiki a Suwidin ya rasu a 2005, ya zana kan sarki fiye da 1,000, sunansa na gindinsu da ƙananan harufa, har akwai masu tara kan sarki da ba sa neman na kowa sai nasa.

Ba sai mun tsallaka teku ba. Ladi Kwali a gida ta koyi ginin tukunya irin na Gbagyi, tana tsaga musu zanen kadangare da kunama da kifi, kuma ba ita kaɗai ce gwana a ƙauyukansu ba. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, inda ta haɗu da keken juya yumɓu da ruwan ƙyalli da matoya mai tsananin zafi. Sabuwar fasahar ta ƙara wa zanenta kwarjini, kuma a jikin tukwanenta ana buga harufan LK kusa da tambarin cibiyar. Da harufan nan biyu aikinta ya shiga gidajen tarihi da ɗakunan gwanjo na Turai, hotonta kuma ya hau takardar naira 20. Sauran gwanayen, waɗanda tukwanensu suka fashe a bakin rafi ba a san na wa ba ne, ba wanda zai iya kawo sunan ko ɗaya. A Kano ga Sharif Bala Gabari, wanda ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa injin ɗab'i ya ninka shi dubbai. Da inji abokin gabar hannu ne, da shi zai fara binnewa. Sai ga shi injin ne ya kai rubutunsa tsangayun da ƙafarsa ba ta taka ba, domin abin da aka ninka hannun mutum ne sananne.

Agadas ta fi ko'ina fito da abin fili, domin can an gwada sana'ar da wuta. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, sun daɗe suna narka dalar azurfa mai hoton Mariya Tareza, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta, suna zuba ta a ƙirar kakin zuma, sannan su bi ta da magagari da ɗan siririn kurfi su yi mata zanen da ya sa abin wuyan nan na Agadas ya zaga duniya. A zamanin da tseren motocin Paris zuwa Dakar ke ratsa garin, jiragen 'yan yawon buɗe ido na sauka, ciniki har ƙofar maƙera yake zuwa. Tawayen Abzinawa na 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka ɗauke ƙafar baƙi, kuma shigar da tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su ba. Wanda cinikinsa ya dogara ga baƙon da ya bi ta ƙofa ya zauna da kayansa. Waɗanda suka fi jurewa su ne waɗanda ake iya nemowa daga nesa: masu tsaga sunansu da harufan Tifinag a bayan abin da suka ƙera, gidaje irin na Kumama da ke kai kayansu Amurka da sunan zuriyarsu, da waɗanda kamfanin Hermès na Faransa ke ba aikin zanen kan bel na azurfa. Ba wutar lantarki suka fi mu ba, ba zaman lafiya ba. Mai saye a wata nahiya yana iya cewa na wane nake so, shi ke nan bambancin.

A kwatanta da Bida. A 2021 UNESCO ta sa ta cikin biranen da suka shahara da sana'ar hannu, kuma ta cancanta. Duk wanda ya ga tiren tagulla ko buta daga unguwar Tswata Mukun, da zanen da aka bi da guduma da kurfi har ba wurin sa yatsa, ya san an yi aiki. Sai dai sunan gari ne ya fita, na mutum bai fita ba. A shagon kayan tsaraba na wani otal a Abuja ko Legas abin da za a ce maka shi ne aikin Bida ne, gwani da ɗan koyo kuɗinsu ɗaya, ribar kuma ta tsaya a hannun mai shago: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, abin ya fi haka muni ga mai gaskiya. Mai sayen zobe ba shi da hanyar sanin nawa ne azurfa a ciki nawa ne gauraye, saboda haka sai ya taya kowane zobe da kuɗin mafi lalacewa don ya tsira. Maƙerin da ya sa azurfa tsantsa shi ke faɗuwa, ko dai ya bi sahu ya gauraya ko ya rufe maƙera. Lamba uku, 925, da tambarin mai ƙira, waɗanda za a iya kama shi da su in ya yi ƙarya, su ne ke raba shi da wancan. Rashinsu haraji ne da mai gaskiya ke biya wa maha'inci.

Za a ce mai saye a nan ba ruwansa da suna, araha yake nema. Gaskiya ne ga mai buga sunan amarya da ango a kan kofuna ɗari biyu na rabon biki. Wannan kasuwar leza ce, kuma ba abin kunya ba ne a ci daga gare ta. Amma Bahaushen da ya ce araha ba ta ado ya san kansa. Mutumin da ke ƙorafin tsadar zobe shi ne ke tambayar ko shaddar Getzner ce kafin ya taɓa, shi ke tsallake tela goma ya kai wa wanda ya yarda da shi ya jira wata guda, shi ke aika a sayo masa kilishin wane daga wani gari. Mun iya biyan suna sarai, a inda aka nuna mana shi. Kuma kasuwar da ke neman aikin hannu tana nan a gabanmu. Hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta amince da shi a Disambar 2024, da na Katsina da Zazzau da Damagaram, kowace shekara suna buƙatar takubba da likkafu da linzamai da kayan adon doki, masu hawa kuma gasa suke da juna. Naɗin sarauta ba ya ƙarewa. Hakimin da zai kashe miliyoyi a kan doki ba zai ƙi ƙara wani abu don a ce takobinsa aikin gwani wane ne ba, in har akwai gwani wane da ake ambata.

Akwai kuma uzurin da ya fi wannan zurfi, cewa sa suna a kan aiki yabon kai ne, ya saɓa wa kunya, wataƙila ma ya kusanci riya. Ina girmama tushen wannan tunani, amma ya karanta abin a juye. Malamanmu masu kwafe littattafai da hannu sukan rufe da sunansu da na mahaifinsu, su roƙi mai karatu addu'a da afuwa a kan kuskure. Sunan a wurin ɗaukar alhaki ne. Asalin hatimi ma a addininmu haka yake. Da aka gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa sarakuna ba sa karɓar wasiƙar da ba ta da hatimi, sai aka ƙera masa zoben azurfa aka zana sunansa da manzancinsa a layi uku, ya kuma hana kowa ya zana irinsa. Zoben ya wuce hannun Sayyidina Abubakar da Umar da Usman kafin ya faɗa rijiyar Aris. Wasiƙun Shehunan Borno na ƙarni na 19 da hatiminsu suke tafiya. Tun fil azal, ke nan, wannan sana'a ta tabbatar da waye ya ce me ce, mai yin ta kuma mai riƙe amana ne. A nan ne rashin suna ya fi yin ɓarna. Duk takardar bogi mai hatimin makaranta ko na kotu ko na ofishin filaye, wani ne ya yanka hatimin, ya yanka ne kuwa don ya san ba za a taɓa gano shi ba. Ƙungiyar da ke da rajistar 'ya'yanta, kowa da ɗan tambarinsa a gindin hatimin da ya yi, kowa da littafin da yake rubuta wanda ya kawo aiki da takardar izininsa, za ta iya zuwa gaban banki ko ma'aikata ta ce mu za ku ba aiki, domin mu ake iya tuhuma.

Mai ja zai ce tambarin ma ai kwafe shi za a yi, leza ba ta jin kunyar satar suna. Haka ne, kuma ba na sa ran sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 za ta bi ɓarawon zane har cikin lungun kasuwa. Amma ba a satar sunan da ba shi da daraja; ranar da aka fara buga tambarin wani maƙeri na jabu, ranar ya tabbata ya iso. Kariyar da ta fi kotu sauri tana aljihun kowa. Gwanin da ke ɗaukar bidiyon hannunsa yana aiki ya sa a WhatsApp ko TikTok ya kafa shedar da mai kwafe ba zai iya kawowa ba, kuma mai saye na iya tambayarsa kai tsaye ko wannan nasa ne. Nijar ta riga ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista da sunan inda suka fito. Abin da aka yi wa nama da albasa ba zai gagara ga azurfar Agadas ko tagullar Bida ba. Wanda zai yi turjiya ta gaske shi ne dillali, domin da gangan yake ɓoye mai aikin, ya san ran da mai saye ya sami lambarsa an tsallake shi. Wannan rigima ce ta ciniki, kuma maƙeri ɗaya ba zai ci ta shi kaɗai ba, sai sun yi baki ɗaya sun ƙi sakin kaya ba tambari.

Duk wannan ya dawo kan yaron da ke tunanin shiga sana'ar. A Ingila, mai zane William Blake ya yi shekara bakwai yana koyon sana'a a hannun James Basire tun daga 1772, da rubutacciyar yarjejeniya da ranar gamawa. Hukumar buga dalar Amurka kan ɗauki shekara goma tana rainon mai zanen fuskokin da ke kan kuɗi. Mu a nan yaron shago ba shi da ranar yaye. Yana share maƙera, yana zuga, yana goge kaya, in ya ƙware aikinsa ya fita a matsayin na maigida, na maigidan kuma ya fita a matsayin na kowa. Yaro mai hankali ya duba ya ga bayan shekara bakwai ba takarda, ba jari, ba suna, sai ya sayi babur. Ba lalaci ba ne, lissafi ya yi. Inyamurai sun warware rabin matsalar da al'adar sallamar yaro da jari in wa'adinsa ya cika. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha ta buɗe wata ƙofa da tsarinta na ba masu sana'ar hannu shedar ƙwarewa, kuma abin da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna ta fara da masu sana'ar kasuwar Panteka ya nuna ana iya gwada gwanin da bai shiga aji ba a ba shi takarda. Masu zane ya kamata su shiga layin, su kuma ƙara nasu: ranar yaye a miƙa wa yaro tambarinsa a gaban manyan sana'a. Akwai ma hannayen da aka riga aka horar ana kallonsu ba a gani. Gardin da ya shekara goma yana rubutun allo da zayyana ya san nauyin layi da tazarar harafi fiye da wanda ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku, ga kuma zanen dagi da rubutun ajami waɗanda ba su cikin manhajar kowa.

In aka tambaye ni hannu za a fara koya ko inji, hannu zan ce, ba don ƙaunar tsohon abu ba. Sarrafa leza abin makonni ne, maƙwabcinka ma zai koya a makonnin. Idon da ke gane inda zane ya yi nauyi da inda ya yi sako-sako a kan ƙarfe ake samunsa, inda kuskure ke da tsada. Wanda ya samu wannan ido in ya hau inji yana da abin da zai ba shi ya ninka, ya ci da aikin biki a ranakun da ba oda, ya ajiye hannunsa ga mai biya. Ba kuma sana'ar kowa da kowa ba ce. Tana cin ido da baya, hayaƙin robar PVC a ƙarƙashin leza guba ne, kuma gari guda ba zai ciyar da gwanaye ɗari ba. Gwamnonin da ke raba injina a taron tallafi su ɗauki hoto za su fi amfanar sana'ar da abin da ba ya cin kasafi: tunda gwamnati ce babbar mai sayen alluna da lambobin yabo da hatimai, a rubuta a takardar kwangila cewa sai da sunan wanda ya zana. Wurin da ake buƙata bai wuce faɗin yatsa ba a kusurwar ƙasa. In harufan sun koɗe bayan damina biyu, ko an ci wa gwamna harafi a sunansa, a san wanda za a kira. In kuma allon ya shekara talatin yana sheƙi, shugaban ƙaramar hukumar da ke neman irinsa ya duƙa ya karanta.